Turancin da Yaya Ta Tafi da Shi

Ranar Laraba, sha biyu ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, ungozomar unguwarmu, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura bayan azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Yaya, rabin mutanen da suka cika ƙofar gidanki a tafin hannunki suka yi kukan farko. Mai gyaran babur na bakin layi ya ce an gaya masa bai zo da numfashi ba, ke kika yi ta fama da shi har ya tsanyara. Matar mai shago ta tuna yadda kika ɗauke mata hankali da labarin surukarki, ta haihu tana dariya. Aikinki rabi hannu ne, rabi baki.

Mutum ɗaya ce bakin nan bai kai gare ta ba: jikarki, takwararki, wadda aka haifa a ƙasar da ’yarki take aure. Ba ta jin Hausa. In an kira ta waya sai ku kalli juna, ki ɗaga hannu, ta ɗaga, uwarta ta karɓe wayar.

Shi ya sa bara kika same ni a falo. Kika ce, “Auta, kai da kake cin abinci da Turanci, koya mini. So nake in tsokani takwarata ta ji da kunnenta, ba sai an yi mana tafinta ba.”

Na sayo littafin nahawu da na gwajin fahimta. Duk Asabar kina zuwa da tabarau da fensir, ki karanta gajeren labari, ki amsa tambayoyin da ke ƙarƙashinsa. Ba ki taɓa tsayawa inda tambaya ta tsaya ba. Akwai labarin wata mata da jirgin ƙasa ya tafi ya bari. Aka tambayi ƙarfe nawa jirgin ya tashi.

Kika ce, “Bar jirgin nan. Ita baiwar Allah ina za ta kwana?”

Na ce ba a faɗa ba.

“To marubucin ba shi da imani.”

Duk da haka kin yi nisa. Wata Asabar kika rufe littafi, kika ce yau za ki gwada da yarinyar. Ni na hana ki. Na ce har yanzu kina haɗa abin da ya wuce da wanda ake ciki, ki bari mu gama babin. Kika cire tabarau kika dube ni.

“Yarinya ce fa, ba jarrabawa ba.” Sannan kika ce, “Shi ke nan. A ɗakin haihuwa ni ake ji, a nan kai ake ji.”

Muka gama babin, na hango wani babin, na sake cewa ki jira. Aikina a gidan jarida shi ne in tare kuskure kada ya fita, sai na manta cewa maganarki ba gidan ɗab’i za ta ba. Kuskurenki ba zai hana yarinyar dariya ba, ƙila ma shi ne zai sa ta.

Ana zaman makoki ’yarki ta miƙo mini waya, ta ce, “Kawu, ga ta, tana da tambaya.” Yarinyar ta tambaye ni da Turanci ko kakarta ba ta son magana ne. Na ce duk unguwa babu mai bakinta, kuma saboda ita ta zauna koyon Turanci da furfurarta.

Ta ce, “To me take so ta gaya mini?”

Ban sani ba, Yaya. Wata da watanni kina haɗa jimloli a gabana, ni kuwa kurakuran kawai nake saurare.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa hannun da kika tarbi ’ya’yan mutane da shi ya tarbi littafinki ta dama. Ina miƙa ta’aziyya ga ’ya’yanki, da matan unguwa da suka rasa uwa, da takwararki, wadda nake fata wata rana za ta yafe mini. Allah ya kyautata namu ƙarshen.