Kwamanda Ya Samu Aiki

A unguwarsu kowa Angon Tumaki yake kiransa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Matarsa ce ta raɗa masa shi, ranar da ya ɗauke tabarmar ɗakinta ya shimfiɗa wa wata tunkiya mai naƙuda. Mutum ne da ba ya riƙe shekarun 'ya'yansa, amma ka nuna masa ɗan rago, sai ya jero maka uwarsa da kakarsa da wanda ya hau su.

Garken gadon mahaifinsa ne, kuma burinsa ɗaya a duniya kada wannan jini ya yanke a hannunsa. Abin taƙamarsa wani farin rago ne mai baƙin kunne, Kwamanda. Maƙwabta kan kawo tumakinsu Kwamanda ya hau, Ango na tsaye yana murmushi kamar shi aka yi wa aure.

'Yarsa ta fari mai sunan mahaifiyarsa ce, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tumakin ne suka yi mata karatu, ɗaya bayan ɗaya, har ta kama aiki a ɗakin gwajin cututtukan dabbobi.

Wata shekara Kwamanda ya kama susa. Yana goga jikinsa da bango har gashin ya zube, ya rame, yana tangaɗi kamar mashayi. Ango ya shafa masa mai, ya ba shi gishiri, ya yi masa allurar ƙwari, a banza. Da ragon ya mutu, sai ya cire kan, ya sa a cikin kula mai ƙanƙara, ya shiga ɗakin gwajin ta ƙofar baya. A lissafinsa, abin da ya shiga ta hannun 'yarka sirrin gida ne.

"Uwata, duba mini. Ni dai in san abin da ya ci shi."

"Baba, in na duba fa ba ni kaɗai zan sani ba."

"To ke da wa? Ba ke ce mai gilashin ba?"

Ta ciro ɗan guntu daga inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, ta daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, ta yanko shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta ɗora a gilashi. Ciwon da take zargi ba shi da ƙwaro. Wani sinadarin furotin ne na jikin dabbar da kan lanƙwashe ba daidai ba, ya koya wa 'yan uwansa, har ƙwaƙwalwa ta koma kamar soso. Don a kama shi, ana ɗiga ruwan garkuwar jiki da aka horar ya gane fuskarsa shi kaɗai. In yana nan, garkuwar ta manne masa, wurin ya rine ja.

Gilashin Kwamanda ya yi ja kamar an ɓarar da manja.

Oga, shugaban ɗakin, ya leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta ya kusa yin rawa. Ya tara ma'aikata su zo su ga kyau. "Kai! Tunda nake ban ga mai kyan wannan ba. Ragon wa ne?"

Cikin makon motar hukuma ta zo. Aka kashe garken duka, aka binne a rami, aka bi da na maƙwabtan da Kwamanda ya yi wa alheri. Daga nan gaisuwa ta ɗauke a layin. Matar Ango ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, shekara da shekaru tana sharar kashin tumaki, ko tsoka ɗaya ba ta shiga tukunyarta ba.

Kwamanda kuwa ya samu aiki. Ƙa'idar gwajin ita ce, duk ranar da za a yi shi sai an jera yankin dabbar da aka tabbatar tana da ciwon, don a san garkuwar ba ta lalace ba. Oga ya ce ba wanda ya dace da muƙamin kamar Kwamanda. Haka kowace safiya Uwata kan ɗauko ragon babanta daga durowa, ta yanki kaɗan, ta mayar.

Abin da hukuma ba ta sani ba, akwai 'yar tunkiya guda, 'yar Kwamanda, da Ango ya kai gidan ƙanwarsa kafin motar ta iso. Auta yake ce mata. Ta girma a bayan ɗakin girki, yana zuwa ganinta a ɓoye kamar mai neman aure. Ranar da ya gan ta tana goga ƙugu da turmi, ya kasa cin abinci.

"Uwata, an ce ana iya gwadawa da rai."

"Ana iyawa, daga cikin fatar ido. Baba, ka bar ta haka."

"Ƙaiƙayi ne kawai. Ki duba, ki ce mini fari ne, in samu barci."

Ta yi gwajin ranar hutu, ba kowa a ɗakin. Ta jera gilashin Auta kusa da na ubanta. Sai ga Oga ya dawo ɗaukar cajarsa, ya tsaya a bayanta yana kallon allon da ke haɗe da madubin. Ja biyu, kamar an tsaga kara.

"Wanne ne Kwamanda a ciki?"

"Na hagu, ranka ya daɗe."

"Madalla! Dama kakin nasa ya kusa ƙarewa, ina ta tunanin inda za mu samu magaji. Wannan tana ina?"

Ta kwatanta masa gidan gwaggonta, har da launin ƙofa.

Ango ya rayu shekaru bayan haka. Kullum da safe yakan share turken da ba kowa, ya zuba ruwa a kwano, rana ta shanye. Bai sake cewa Uwata ba. In ta zo gaishe shi, yakan ce, "Sannu, ma'aikaciya."

Da ya rasu, Oga ya zo ta'aziyya cikin farar riga. Ya gaya wa masu zaman makoki cewa marigayi ya iya kiwo ƙwarai, domin har yau ɗakin gwajin da jinin garkensa yake aiki, kuma Auta ta ma fi ubanta ja.