Kekunan Rumfar Gwadabe Ba Gado Ba Ne

Daminar nan ita ce ta huɗu tun da aka datse kogin Challawa, ruwa ya hau gonakinmu, muka kwashe komatsanmu muka dawo Rogo. A cikinta, ranar Talata takwas ga watan Safar, ana tsakiyar noman farko, Allah ya karɓi ran Malam Gwadabe mai gyaran keke bayan jinyar kwana tara. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni Ɗanmaliki ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne Malam Sulle na firamare yana rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko da ta yi ɗaci.

Gwadabe, tare muka yi ƙuruciya, tare muka baro garin da yanzu kifi ke kwana a masallacinsa. Da muka zo nan, mu tsofaffi muka zauna gindin ɗorawa muna zancen gonakin da babu su. Kai samarinmu ka duba, hannu ya saba da fartanya, ga shi babu inda za a kafta ta. Ka kafa rumfar kara a bayan kasuwar hatsi, ka ce duk mai son sana'a ya zo. Aka yi maka dariya, wai da wane keken za su koya, naka guda ɗaya?

Ashe ka san inda kekunan suke. A ƙasar nan idan magidanci ya rasu, rataye kekensa ake yi a zaure. Ba ya rabuwa gida uku, kuma babu ɗan da ke son a ce shi ya fara haye sirdin ubansa. Haka zai zauna har tsatsa ta gama da shi. Kai kuwa sai ka bari a yi sadakar arba'in, ka ɗauke ni mu je gaisuwa, ka ɗaga kai ka ce, "Wannan a rataye ba ya kai wa mamaci komai. Ku sauke shi ya yi masa aiki." Ba ka taɓa karɓa ba sai magada sun hallara, kowa ya furta da bakinsa cewa ya bayar sadaka, ni ina shaida.

Na tuna Kande ta Jajaye. Keken mijinta Ɗantala shekara bakwai a rataye, sau biyu tana korar mu. A na uku ta ce, "Malam Gwadabe, ka ƙyale ni. In na shigo zauren nan na gan shi, ji nake kamar mai gidan yana ciki." Ka ce, "Haba Kande, mutumin da bai taɓa wuni a gida ba yana da rai, shi ne yanzu za ki ɗaure?" Ta yi dariya har ta rufe fuska da mayafi, sannan ta ce a kawo tsani.

Ƙa'idarka uku ce. Mai koyo sai ya warware keken gaba ɗaya a kan tabarma, har ƙwayar boris ta ƙarshe da ke cikin cibiyar wili, ya wanke da kananzir, ya mayar da hannunsa, sannan a ba shi ya riƙa hawa. Ba a yi wa keke sabon fenti, ba a sake masa suna, na Ɗantala na Ɗantala ne ko wa ke hawa. Kuma hawan farko, gidan da aka bayar ake kai gaisuwa. Halliru, ɗaya daga cikin samarin rumfa, shi ne ya samu na Ɗantala. Ranar da ya yar da boris guda a cikin yashi ka miƙa masa rariya, ka ce, "Mai keken nan ya shekara talatin bai yar da ita ba, kai ka yar kafin azahar. Tankaɗe." Ya samo ta da la'asar. Da ya kai gaisuwa Jajaye, Kande na cikin gida ta gane ƙararrawar tun bai yi sallama ba. Yau Halliru na da rumfarsa a Kwanyawa, yana ci da iyali da faci da ɗaurin wili.

Amma ka yi kuskure, kuma zan faɗa maka ko kana kwance. Na ce a sa a rubuta wa ya ba da wanne. Ka ce, "Takarda gara ke ci. Kai kuwa gara ta gwada ka ta haƙura." Yaran rumfarka su ma sun yi nasu kuskuren, don ladabi. Da aka dawo daga maƙabarta, kowa ya turo kekensa ya rataye a rumfarka, yadda ake yi in uba ya rasu. Ashirin da uku. Ɗanka Shitu, mazaunin Kano, ya shiga rumfar ya tarar da su a jere, ya ɗauka dukiyar mahaifinsa ce. Ranar sadakar uku sai ga shi da wani mai sayen ƙarfe a kan sikeli.

Na ce masa, "Shitu, waɗannan ba na ubanka ba ne." Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, abin da aka samu a rumfarsa nasa ne. Ina takarda? Kuma zamanin keke ya wuce, babur ake yayi." Na ce, "Ya wuce a Kano. Nan har yanzu shi ke kai mai naƙuda asibiti." Ba mugun yaro ba ne, shi ya yi jinyarka, shi ya sa ka a kabari. Rashin sani ne. Amma sadakar da matattu ke cin ladanta ba za a auna ta a sikeli ba ina numfashi. Famfonka da sifanunka da kekenka guda ɗaya, waɗannan halaliyar magada ne, ba zan taɓa ko kusa ba. Sauran kuwa amana ce, kuma a kaina ka bar ta.

Allah ya jiƙanka, Gwadabe. Allah ya yafe maka zafin bakinka, ya sa kowane taku na kekunan nan ya zama haske a kabarinka, ya haɗa ka da waɗanda ka sauke wa kaya daga zaure. Ina yi wa mai ɗakinka Saude ta'aziyya, da Shitu da ƙannensa, da samarin rumfa da suka zama marayu ba tare da an lissafa su ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Gobe liman zai zauna rabon gado. Na aika Jajaye da Kwanyawa da rugar su Hammawa, duk wanda ya taɓa bayarwa ya zo, mai ƙafa da mai sanda. Da safe, in Allah ya kai mu, zan riga kowa zuwa rumfar. Idona ya yi rauni, amma hannuna bai manta ba. Zan sa a sauke su ɗaya bayan ɗaya, in dafa kowane sirdi, in faɗi mai shi da garinsu da waɗanda suka furta, a gaban liman da jama'a. Duk wanda na kasa faɗin mai shi, Shitu ya ɗauka ya kai sikeli. Ya dai gaya wa mutuminsa kada ya wahalar da kansa da zuwa da mota.