Wayar A-Hankali a Cikin Ƙofar Motata

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina kuma maƙwabcina a sana'a, mai gyaran cikin mota da duk layinmu ke kira A-Hankali. Yana zaune a gida yana jiran shayi ya huce, ya jingina kansa da bango, shi ke nan. Ko kofin bai kife ba.

Abokina, ni ne mai waldan da shagonsa ke manne da naka, wanda ka laƙaba wa Guduma har 'ya'yana suka ɗauka sunan yanka ne. Ban iya rubutu mai daɗi ba, amma akwai abin da ya faru bayan tafiyarka wanda ya kamata a sani, kuma kai ne ka jawo shi.

Wanda bai san aikinka ba, bari in gaya masa. Murfin da ke cikin ƙofar mota, wanda mutum ke jingina gwiwar hannu a kai, wasu 'yan ƙusoshin roba ne ke riƙe da shi ta baya. In rana ta gasa su suka tsufa, sai su karye, ƙofa ta riƙa kaɗa haƙora a kan hanya. Waɗannan 'yan abubuwan da ba su kai kan yatsa ba, su ka ba rayuwarka. Kana da gwangwanaye jere a kanta, farare daban, baƙaƙe daban, masu dogon wuya daban, kuma kana ganin mota daga nesa ka san irin nata. In mutum ya ce, "A kan wannan ɗan abin?" sai ka ɗaga shi sama ka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na sha tsayawa ina kallon ka. Ka kwance sukurorin da ke ɓoye a bayan mariƙi, ka naɗe bakin sukundireba da tsumma don kada ya ji wa fenti ciwo, ka zura ta ƙasa kana lallaɓawa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ka zare guntayen da suka karye da filaya, ka zura sababbi a gurbinsu, ka daidaita kowace da raminta. Sannan ka bi gefen murfin da tafin hannu kana bugawa, kowace ta ce ƙas, kai kuma ka ce mata, "Madalla." Sau ɗaya tak ka bar ni na taya ka bugun. Murfin ya tsage gida biyu. Tun ranar ka kafa mini doka: in zo hira, in sha shayi, amma hannuwana su zauna a aljihu.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Direbobin haya nawa ka gyara wa ƙofa ka ce su tafi, ƙarar ce ta dame ka? Ka taɓa shiga motar haya za ka asibiti, ka ji ƙofa tana surutu, ka sa direba ya tsaya a gefen titi, fasinjoji na zage-zage kana kwance murfi. Da kuka isa, likita ya tashi. Ka dawo kana murna, wai tafiyar ba ta tashi a banza ba.

Amma tunda ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce, dole in faɗi lalurarka. Kai mutum ne mai mantuwa, kuma duk abin da ke hannunka, cikin ƙofa kake ajiye shi kafin ka rufe. Tabaraunka sun yi yawo a ƙasar nan fiye da kai. Akwai mai motar da ya dawo bayan mako yana cewa ƙofarsa na wari, aka buɗe aka tarar da ragowar abincin ranarka. In ka gama aiki ka fara lalube aljihu, sai mu 'yan layi mu ajiye namu aikin mu zo kallo. Kai kuwa, tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta: ka kama zagin kamfanin da ya yi robar, ka sake buɗewa, sababbin ƙusoshin da ka sa yanzun nan su karye. Rabin kayan shagonka kai ka cinye su da kanka.

Ranar Talata da la'asar, motata ka gyara, ƙofar direba. Ka buga, ka yi madallarka, ka koma gefe kana sha'awar aikin. Sai ƙofar ta fara kiɗa. Wayarka ce, ƙaramar nan mai maɓallai. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ka ce ƙusoshin da ka sa ɗin su ne na ƙarshe a irinsu, ba za ka fasa su ba sai gobe in ka sayo wasu. "Bar ta ta kwana a ciki, Guduma," in ji ka. "Ita ma ta huta da mutane. Kuma kada ka kuskura ka taɓa mini ƙofa."

Washegari aka kira ni. Na isa gidanka na tarar da mutane sun fara taruwa, matarka kuma ta aiko a shigo da ni har bakin ɗaki. Ba kuka take ba, tsoro ne a fuskarta. Auta, 'yarku ɗaya tilo, ba ta daɗe da tafiya wani gari mai nisa ta kama aikin jinya ba. An sace mata waya a hanya, ta sayi sabon layi, kuma wayarka take kira kullum da tsakar rana, ku gaisa ka miƙa wa uwarta. Babu mai sabuwar lambar sai kai. In ba a same ta ba, za a kai ka ba ta sani ba, ko ta tsinci labarin a bakin baƙo.

"Malam, an ce wayar tana wajenka," in ji ta.

Na ce, "Tana wajena, amma ba ta hannuna."

Ta dube ni, ta dubi motar ta ƙofar gida, ta gane. Ta dafe goshi ta ce, "Ya sake?" Wallahi sai da dariya ta kuɓuce mata a cikin hawaye.

Nan fa masu zaman makoki suka koma masu ba da shawara. Wani ya ce a sauke gilashi a zura ƙugiya. Aka zura, aka fito da tsumman da ka manta. Wani ya kawo maganaɗisu a ɗaure da zare, ya kamo filayarka. Ƙanen matarka ya ce a ɗaga motar a girgiza. Wani dattijo da ko keke bai taɓa mallaka ba ya rantse cewa ta ƙasa ake buɗewa, ya kwanta da fararen kayansa yana leƙe. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara, kowa ya kasa kunne, ashe kukan ƙarewar caji ne. Na tuna ba ka taɓa sa waya a wuta ba sai ta mutu.

Ni kuwa na kasa. Mutumin da ya yi shekaru yana yanka ƙarfe, ga shi tsugune gaban roba ya rasa ta inda zai fara. Wannan shi ne aikin ƙarshe da hannunka ya yi a duniya, kuma maganar ƙarshe da ka yi mini ita ce kada in taɓa shi. Na samo sukundireba, na naɗe bakinsa da hankicina, na kwance sukurorin, na fara lallaɓa gefen yadda na ga kana yi. Zufa na zuba, ina cewa a raina ko ƙusa ɗaya ba zan karya ba. Sannu ba ta hana zuwa, haka kake cewa, sai dai ba ka cika ƙarasa karin maganar ba.

Ban kai ga ta biyu ba, rana ta take, ƙofar ta fara kiɗan da ka sa wa kiran Auta. Ya yi ya katse. Wayar ta sake kukan caji. Kiɗan ya dawo.

Matarka ta fito har waje, abin da ba ta yi ba tun safe. Ta ce, "Guduma, fasa. In ya yi faɗa, ni zan ba shi haƙuri."

Na zura yatsuna biyu-biyu na fizga. Ka yafe mini, abokina, ko ɗaya ba ta tsira ba. Robobinka suka watsu har kan tabarmar baƙi, murfin ya zo mini a hannu ɗungurungum. Ga wayar can a ƙasan ƙofa tana haske. Na danna.

"Baba! Sai yanzu? Tun jiya nake kira. Ko dai ka sake rufe ta a ƙofar mutane?"

Dariya take yi. Ban taɓa ɗaukar ƙarfen da ya kai wannan 'yar wayar nauyi ba. Na ce, "Auta, Kawu Guduma ne. Kina tsaye ko kina zaune?" Ta ce a tsaye take. Na ce, "Nemi wuri ki zauna, 'yata. Ga mamanki." Na karanta lambar da ƙarfi ƙanen matarka ya kwafe a wayarsa, sannan ita ta karɓa. Uwa da 'ya sun samu sun yi maganar da za su yi kafin wayar ta ɗauke. Auta ta kamo hanya a take, aka jira ta, ta gan ka kafin a ɗauke ka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa A-Hankali. Ya rufa wa ƙofofin mutane asiri, Ka rufa masa nasa. Ya bi ƙananan abubuwa da tausayi, Ka bi shi da rahamarKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da Auta, da 'yan'uwa, da 'yan layinmu, da direbobin da har yanzu suke tsayawa a bakin shagonsa suna danna oda kafin a gaya musu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.