Wuƙar Babana a Cikin Gilashi

Ɗan ƙanwata ya ɗauki wuƙar babana ya kulle ta a kabad ɗin gilashi, ta yi shekara ɗaya da wata biyu a ciki.

Ni mahauci ne. Babana ma mahauci ne, a nan unguwar New Bell ta Douala. Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar fili ba, wuƙar nan kawai ya bari. Gobarar kasuwa ta cinye rumfata, ambaliya ta tafi da katifata, wuƙar tana ƙuguna duk sau biyun.

Ɗan ƙanwar tawa ya yi boko, yana aikin ofis, yana zaune a unguwar Cité des Palmiers. Wata cuta ta kama shi ta tara tsofaffin kayan wani kamfani da ya mutu tun kafin a haife shi: wuƙaƙe, langa, butar shayi, faranti. Duk abin da ke da tambarin barewa yana so. Langar da uwarsa ke ba kaji ruwa a ciki, ya ɗauke ta ya sa a falo.

Wata rana ya zo rumfata ya ga wuƙar. Washin shekaru ya cinye rabin barewar da ke jikinta, saura kai da ƙaho.

"Kawu, da wannan kake yanka nama? C'est une pièce rare! Irinta ba ta samuwa!"

Na ce, "Da me zan yanka? Da haƙori?"

Ya ce aro yake so, hoto kawai zai ɗauka. Na ba shi. Bayan mako ya aiko min da sabuwa daga kasuwar Marché Central, mai ƙyalli. Ta haɗu da ƙashi sau ɗaya ta lanƙwashe.

Na je karɓar tawa sau uku. Tana kwance a kan jan ƙyalle, da 'yar takarda a gabanta wadda ban iya karantawa ba. Ya ce a wurinsa ta fi samun kulawa. Na nuna masa tsatsa ta fara cin bakinta, don damshin Douala ba ya barin ƙarfen da ba ya shan kitse. Ya ce kada a taɓa, tsatsar ma daraja ce.

Sai Babbar Sallah ta zo. Ya sayi rago ƙato, ya gayyato abokan ofis. Mahaucin da ya yi masa alkawari bai zo ba. Hantsi ya yi, ya kira ni.

Na hau bensikin, babur ɗin haya, na tafi. Dutsen washi kaɗai na ɗauka.

"Kawu, ina wuƙarka?"

"Tana falonka."

Matarsa ta kawo na kicin, ko albasa sai an lallaɓa su. Na ce ba zan azabtar da dabbar layya ba. Gida cike da wuƙaƙe, rago na kallonmu, baƙi na kallonsa. Ya kawo mabuɗin kabad ɗin.

Na zauna a bakin ƙofa, na zuba ruwa a dutse. Na wasa baki. Daga nan na kwantar da ita na bi gefen, a hankali, har inda tsatsa ta kai, har inda ba ta kai ba.

"Kawu! Tambarin! Ka share tambarin!"

Na ce, "Riƙe min ƙafafun, ɗan nan."

Ya riƙe. Na yi bismillah na yanka, ja ɗaya. Na feɗe, na sassare, na wanke wuƙar na goge ta da kitse. Ya karɓa ya juya ta a rana, ya duba wannan gefe, ya duba wancan. Babu barewa. Ya miƙo min ita da kansa.

Ina nan New Bell a rumfata. Wuƙar tana ƙuguna, ta ɗan ƙara sirancewa. Shi kuma har yau bai cire jan ƙyallen da takardar ba.