Baba Na'am da Dutsen Gugarsa

A unguwarmu ana gane wanda ke kai guga wurin Baba Na'am daga bayan rigarsa. In ka ga tabo ruwan ƙasa, mai tsini a sama da faɗi a ƙasa, daidai girman dutsen guga, to abokin cinikinsa ne. Ni ma ina da irin waɗannan riguna, kuma har yau shi ke mini guga.

Shagonsa ɗaki ne guda a jikin katangar gidanmu. A ciki akwai tebur da aka shimfiɗa wa bargo, da murhun gawayi, da kwanon ruwan yayyafi, da carbin rozari rataye a ƙusa. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Yana saurayi ya so zama Fada, wato limamin coci, aka ce masa ba mai shiga wannan hanya sai wanda Allah ya kira. Ya kasa kunne a coci, ya kasa kunne a titi, bai ji komai ba. Da jiran ya yi tsawo sai ya yi aure, ya ci gaba da guga.

Furfura ta fara masa lokacin da wani Fada baƙo ya yi wa'azi cewa Allah yana kiran mutum kullum, ta bakin wanda ya ga dama, amma ba ma ɗaga kai sai an ambaci sunanmu. Mu muka ji, muka tafi gida. Shi ya zauna a kan benci har aka zo rufe ƙofa, domin ya gane cewa ƙila an daɗe ana kiransa, da sunan wani ne kawai. Daga ranar ya ƙudurta zai amsa duk kiran da ya shiga kunnensa, a tantance mai shi daga baya.

Haka ya samu sunan. Kowace safiya yana zuwa coci addu'ar Misa, amma yana zama kusa da ƙofa, don kada a yi kira a waje yana ciki. In mace ta leƙo tana kiran mai ruwa, shi ke fara isa. An kira mai gyaran famfo, ya je ya riƙe bututu da hannu har mai gyaran ya iso, ya koma a jiƙe yana godiya. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kira wani, ya amsa, har ya naɗe hannun riga kafin wanda za a yi wa allurar ya fito daga banɗaki. Wata tsohuwa ta daina kiran kyanwarta da ƙarfi, ta ce ta gaji da ganin dattijo a ƙofa yana tambayar ko ana bukatar wani abu.

Illar ita ce, in kira ya zo, inda dutse yake nan yake barinsa.

Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ke karɓar kaya kuma ita ke ba da haƙuri. Takan ce ta auri mutum ɗaya, sai ta tarar ashe ɗan aiken dukan gari ne, kuma ita kaɗai ce in ta kira sai ta maimaita, saboda ya tabbata muryarta ba daga sama take ba.

'Yarmu ta ƙarshe, Auta, ta rasu tana ajin ƙarshe a sakandare, bayan gajeriyar jinya. Aikinta ne kwashe shanya daga igiya kafin abincin yamma, kuma sai uwarta ta kira ta daga ƙofar kicin take tashi. Bayan an watse daga zaman makoki, wata yamma matata ta tsaya a wannan ƙofar ta kira sunan. Bakinta ne ya riga ta. Ina falo, na ajiye jarida.

Daga bayan katanga muka ji: “Na'am.”

Ya zagayo ya shigo, ya tsaya a tsakar gida hannu a baya. Matata ta daɗe tana dubansa, sannan ta nuna masa igiya. Ya kwashe kayan, ya ninke su yadda masu guga ke ninkewa, ya aje, ya fita. A ranar ta ci abinci, abin da ta yi kwanaki ba ta yi ba sai da lallashi. Washegari ta sake kira, wannan karon da saninta. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita, ko ni da shi. Rigata mai ruwan toka a ranar farkon ta samu tabonta.

Abin da ya kai maganarsa gaban Fadan cocinmu shi ne koriyar rigar Misa. Katikis, mai taimaka wa Fada, ya kawo ta guga, wani ya kira mai tasi a titi, Baba ya tafi. Ba wadda za a sauya da ita, don haka Fada ya sa ta ran Lahadi, kuma duk sanda ya juya baya jama'a na kallon hoton dutsen guga a tsakiyar kafaɗunsa. Wasu mata a baya suka ɗauka sabuwar alama ce ta ibada, har suka sunkuyar da kai.

Inna ta ce ya isa. Ta nemi Fada ya hana mijinta amsa kiran da ba nasa ba, in ba haka ba za ta miƙa shagon ga ƙanenta. Baba ya ce in Fada ya hana zai bi, ba ya jayayya da coci. Aka kira ni shaida, tunda ni ne maƙwabci kuma rigunana sun fi na kowa tabo.

Muka zauna a ofishin Fada, rigar na rataye a bayan ƙofa. Inna ta jero laifuffukan tun daga famfo har kyanwa. Fada, wanda sa'an ɗansu ne, ya tambayi Baba ko a cikin kiraye-kirayen nan akwai wanda ya tabbata na Allah ne.

“Fada, ai ba ya faɗa,” in ji Baba. “Da yana faɗa, da na huta.”

“Da mu ma mun huta,” in ji Inna.

Fada ya juyo gare ni, ya ce in faɗi ra'ayina, a hana ko a bari. Na faɗi abin da na sani game da rigunan, ban rage ba. Sannan na ba su labarin ƙofar kicin da igiyar shanya.

“In za a hana shi, Fada,” na ce, “a gaya mini wanda zai amsa a gidanmu da yamma. Na gwada sau ɗaya, muryata ba ta fito ba.”

Inna ta dube ni, ta dubi mijinta. Ashe ba ta san inda yake zuwa a wannan lokacin ba, tana zaton mai sayar da gawayi ne ke kira. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce ita dai ba ta ce a toshe masa kunne ba, kayan mutane take magana.

Fada ya daɗe yana kallon rigarsa. Hukuncin da ya yanke shi ne Baba ya amsa duk kiran da ya ji, amma da sharaɗi: inda ya tafi, dutsen ya tafi.

Tun daga nan ba rigar da ta sake ƙonewa. Sai dai yanzu ana ganin dattijo yana sauri a titi da dutsen guga mai garwashi a hannu, hayaƙi na bin sa, mutane na darewa. Ya shiga da shi shagon aski, ya shiga da shi layin asibiti, an roƙe shi ya riƙa barinsa a waje in zai karɓi Jibin Ubangiji a coci. Tsohuwar nan ta ce kyanwarta ta daina fitowa gaba ɗaya.

Jiya da yamma matata ta kira, ya amsa, ya shigo. Hannu ɗaya ba ya kwashe shanya, sai ya miƙo mini dutsen. Na tsaya a tsakar gida riƙe da shi nesa da jikina har ya gama ninkewa.