Tunkiyar da Ta Karya Dudley Harkin

Dudley Harkin bai gama firamare ba ya shiga rumfar askin tumaki, kuma bai fito ba sai da bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Daga garinsu Coolabri har ƙarshen yammacin jihar Queensland, babu gonar kiwon da bai kwana a ɗakin 'yan ƙwadagonta ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa sumul saboda maiƙon ulu, bakinsa kuwa babu linzami. In ya sha kwalba biyu a mashaya sai ya hau ba da labarin abubuwan da suka taɓa kai shi ƙasa: doki, babur, wani ɗan dambe a filin baje koli, da matarsa Noreen ranar da ya sayar da firjinta ya sayo kare.

"Amma tunkiya," sai ya ɗaga yatsa, "ba a haifi wadda za ta ga bayana a ƙasa ba."

Bayan rasuwar Noreen ya zauna shi kaɗai, yana cin wake na gwangwani, yana faɗa da rediyo. Ranar da ya manta kasko a wuta har labulen kicin ya kama, 'yarsa tilo Raelene, mai tuƙa motar 'yan makaranta, ta haɗa masa kaya ta kai shi gidan tsofaffi na garin. Ya zagi gadon, ya zagi shayin, ya ce an kawo shi layin jiran kabari. Daga baya ya gano ana raba biskit sau biyu a yini, sai ya sassauta. Yakan ci ɗaya, ya cusa uku a aljihun rigar barcinsa.

Ana nan sai wani kamfani daga birni ya saye gidan. Ya fenti ƙofar shiga, ya dasa furanni, ya rage ma'aikata. Ɓangaren su Dudley aka bar wa mace ɗaya, Sushila, 'yar Nepal, wadda kullum a guje take kamar mai gudun ruwan sama. Sabon manaja, Mista Fenwick, ya ce abin da tsofaffi suka fi buƙata shi ne natsuwar zuciya, don haka ya shirya da wata Misis Glenys Pratt ta riƙa kawo dabbar lallashi duk ranar Alhamis.

Dabbar ita ce Lulu, tunkiyar da aka raina da bulumboti a cikin falo. Ta yi ƙiba har ba ta ganin ƙafafunta, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ba ta san ciyawa ba sai kek. Tsofaffi su shafa ta, a ɗauki hoto, a buga a takardar talla.

"Wannan ba tunkiya ba ce," in ji Dudley. "Katifa ce mai numfashi. Wa ya yi mata wannan askin, makaho?"

Wata Alhamis, bayan shayin hantsi, aka kira Misis Pratt ta gyara tsayuwar motarta. Ta ɗaure igiyar Lulu a ƙafar teburin shayi mai taya, ta fita, ta haɗu da wata ƙawarta a waje, hira ta yi daɗi. Sushila tana can ƙurya tana yi wa wani tsoho wanka. Falon ba kowa sai Dudley da ƙarfen dogarawarsa, da Beryl Oakshott, tsohuwar malamar makaranta wadda tunaninta ya fara zuwa yana komawa.

Dudley ya tsaya gaban Lulu, ya ƙare mata kallo, ya yi tsaki, ya juya mata baya. Ita kuwa ba raininsa ta ji ba, ƙamshin aljihunsa ta ji. Ta ja da baya, ta sunkuyar da kai, ta taho da teburin da kofunan da butar duka. Rana dubu ta mai aski, rana ɗaya ta tunkiya. Dudley ya ji ƙasa ta tashi ta tarye shi, ya kuma ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa na hagu.

Lulu ta hau ƙirjinsa da ƙafafun gaba, ta cinye biskit ɗin tas, ta lashe masa kunne, sannan ta tsinke igiya ta fita lambu. Can Misis Pratt ta same ta tana cin furannin kamfani, ta saka ta a mota da sauri don kada manaja ya gani, suka tafi gida.

"Beryl, danna ƙararrawa," in ji Dudley daga ƙasa.

Beryl ta ɗauki rimot ta danna. Talabijin ya koma tashar tseren dawaki.

"Ba wannan ba, tsohuwar banza! Ja ɗin nan na bango!"

"Ba a zagi a ajina, Dudley Harkin. Tashi ka zauna kamar mutum."

Haka ya kwanta cikin ruwan shayi har ƙamshin abincin rana ya fara tasowa daga kicin. Da Sushila ta shigo ta gan shi, sai ta durƙusa tana kuka tana kiran motar asibiti.

"Baba Dudley, me ya faru?"

"Santsi," ya ce, yana cije haƙora. "Santsi ne kawai, 'yata."

A babban asibitin birnin Toowoomba aka yi masa tiyata, aka sa masa ƙarfe a ƙugu. Mista Fenwick ya buga wa Raelene waya da murya mai laushi, ya ce mahaifinta ya faɗi da kansa, ba wanda ya gani, kuma irin wannan sai haƙuri, shekaru ne. Raelene ta yi haƙurin har ranar da ta zo canza wa uban riga, ta ga shatin kofato biyu a ƙirjinsa, shuɗi fes kamar an buga hatimi.

"Baba, wannan fa?"

"Santsi."

"Santsin yana da kofato?"

"Rae, ki fita idona. Ni na haife ki."

Ba ta fita ba. Ta ɗauko lauya, Thea Marinos, siririyar mace mai saurin magana, wadda ta sha kai gidajen tsofaffi ƙara kan sakaci. Thea ta zauna bakin gadon ta yi masa bayani dalla-dalla: in dabbar da gidan ya kawo ce ta ture shi, ba mai kula, aka kuma bar shi yashe, to kamfani ba shi da mafita. In kuwa shi ya zame don kansa, shari'ar za ta yi ɗingishi.

"To ta yi ɗingishi mana," in ji Dudley. "Ni ma shi zan yi."

"Mista Harkin, an sami ulu a rigarka."

"Shekara sittin ina aski. Ko tari na yi ulu ne zai fito."

Thea ta koma wajen Beryl, shaida ɗaya tilo. Ranar farko Beryl ta ce tunkiya ce, ta kwatanta komai daidai har jan ƙyallen. Thea ta dawo da na'urar ɗaukar magana tana murna, sai Beryl ta ce raƙumi ne. A zuwa na uku ta ce marigayi mijinta ne, kuma Dudley ya san abin da ya yi masa.

Aka yi watanni ana musayar takardu. Ƙugu ya haɗe, amma ƙafar ba ta koma ba, Dudley ya koma keken guragu. Raelene ta daina kawo masa gasasshen naman da ta saba kawowa ranar Lahadi, ta ce sai ya faɗi gaskiya. Ya ce ko yunwa za ta kashe shi, ba za a ji a mashayar Coolabri cewa katifa ta kayar da Harkin ba.

Daga ƙarshe aka sa ranar zaman sulhu, kafin a kai ga kotu. Aka taru a wani ɗaki mai sanyin na'ura, wani tsohon alƙali yana shugabanta. Kamfanin inshorar gidan tsofaffin ya turo lauyansa, Mista Prescott, dogo mai ƙamshin turare, wanda yake magana kamar yana shafa wa mutum mai.

"Muna girmama Mista Harkin ƙwarai," in ji Prescott. "Shi da bakinsa ya ce ba abin da ya taɓa shi, kuma mun yarda da shi. Gaskiya mai ɗaci ita ce, dattijon ya ƙare. Ƙashinsa ya zama kamar busasshen kara. Irinsa ko ƙofa aka buɗe da ƙarfi, iskar ta isa ta kwantar da shi."

Kunnuwan Dudley suka yi ja.

Prescott ya ɗaga hoton Lulu da ƙyallenta. "Ga kuma baiwar Allahn da ake zargi. Ku dube ta. Wannan ko jariri ba za ta ture ba. Wanda wannan za ta kayar, ai da ma a kwance yake."

Gaba kura, baya sayaki. Ko dai shi ne tsohon da iska ke kayarwa, ko kuwa wanda tunkiya ta kayar. Dudley ya daki hannun kekensa.

"Ƙarya kake yi, ɗan gayu! Baiwar Allah? Ka taɓa tsayawa gabanta? Wannan dabbar ta kai ɗan maraƙi! Ta taho mini da tebur a bayanta kamar jirgin ƙasa, idonta jawur, hancinta na hayaƙi!"

"Baba," in ji Raelene a hankali.

"Bar ni! Na riƙe ta da hannu ɗaya, muka zaga falon nan sau biyu. Ba don ƙarfen dogarawar ya harɗe ni ba, da na aske ta a tsaye. Sai da ta sa ƙaho..."

"Ba ta da ƙaho," in ji Prescott.

"Ranar tana da shi!"

Nan fa shari'a ta juye. Thea, wadda ta yi watanni tana roƙon ya ambaci tunkiya, ta koma roƙon a rage mata girma. Prescott, wanda ya zo da hujjar cewa maganar dattijo abin dogaro ce, ya koma cewa dattijon ya ruɗe. Tsohon alƙalin ya cire tabarau ya goge, ya tambaya ko akwai wanda zai iya gaya masa nauyin dabbar, aka rasa. Ya juya ga Dudley.

"Mista Harkin, bar maganar ƙaho. Bayan ka faɗi, me ya biyo baya?"

Dudley ya buɗe baki zai ci gaba da cika baki, sai ya fasa. Ya dubi hannayensa.

"Na yi kira," ya ce. "Na kira yarinyar, na san ba za ta ji ba, ita kaɗai ce da mu duka. Shayin ya huce a jikina. Fitsari ya matse ni, na riƙe, na riƙe, na kasa. Daga nan na fara kiran Noreen." Ya share hanci da bayan hannu. "Na san ta mutu. Amma ita in na kira tana zuwa, ko don ta zage ni."

Raelene ta tashi ta fita baranda. Prescott ya kifa hoton Lulu a kan tebur, ya nemi a ba shi dama ya buga waya.

Kafin yamma aka daidaita. Kamfani ya yarda zai biya diyya da kuɗin magani, ba tare da ya amsa laifi ba. Dudley ya ce ba zai sa hannu ba sai an tabbatar masa ba za a taɓa aikin Sushila ba, aka tabbatar. Bayan mako guda Mista Fenwick ya sanar da iyalan mazauna gidan cewa an yi bincike mai zurfi, kuma an sallami wadda ke da alhakin abin da ya faru. Lulu yake nufi. A madadinta aka sayo kyanwar roba mai batir, wadda take gurnani in an shafa ta, wani lokacin ma ko ba a shafa ba. Aka kuma ƙaro wa Sushila mataimakiya, amma ta rabin yini.

Sai da suka kama hanyar gida Thea ta tuna masa sharaɗin ƙarshe na yarjejeniyar: ba shi da izinin gaya wa kowa abin da ya faru.

"Kamar yaya?" in ji Dudley. "Labarin da ya fi kowane labari a rayuwata? Yanzu da na gyara shi?"

"Ka sa hannu, Mista Harkin. In ka faɗa, za su karɓe kuɗinsu."

"Baba, wata nawa muna roƙonka ka faɗa?" in ji Raelene daga mazaunin direba.

"Lokacin ai ban san yana da daɗi ba."

Ya rayu shekara biyu da wani abu bayan haka, bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba. Da kuɗin Raelene ta saya masa keke mai inji, wanda ya riƙa tuƙawa a barandar gidan da gudun da ya sa aka kafa doka saboda shi. Tsofaffin abokan askinsa sukan zo ranar Asabar da giya a ɓoye cikin butar shayi, su tambaye shi abin da ya karya shi. Sai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce lauyoyi sun ɗaure masa baki, amma ga Malama Beryl nan, ita ba ta sa hannu a komai ba.

Beryl ta gyara zama, ta haɗa hannaye a cinya.

"Kada ne," ta ce. "Ya shigo ta taga."

Abokan suka juya ga Dudley. Ya rufe ido, ya girgiza kai, sannan ya buɗe hannuwansa iyakar faɗinsu, yana nuna musu cewa abin ya fi haka girma.