Kafin Dattawa Su Iso

A unguwarmu Nima kowa ya san ni da baki. Ni ne telan da ke rantsuwa cewa ya taɓa ɗinka babbar rigar da sai da ƙarti uku suka ɗauki hannunta ɗaya, kuma ni ne nake cewa ɓerayen kwalbatinmu sun fi awakin unguwar Alajo ƙiba. Ba mai yarda, amma kowa na dariya. Saboda bakin nan ne aka taɓa ba ni aikin da har yau ban gama sauke shi ba.

Wata Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki, limamin unguwarmu ya leƙo ya yafito ni waje. Ɗan yayata, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta, direba ne a hanyar Kumasi. Motarsa ta haɗu da wata babbar mota, ko asibiti bai kai ba.

A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ba a jefa wa uwa irin wannan labari tana tsaye. Ana tara dattawa, a kira matan da ta saba da su, a taso ta daga wurin sana'a da dabara, a kai ta ɗaki a zaunar da ita a ƙasa. A fara cewa an yi hatsari. A bari ta sha ruwa. A ce jikin ya yi tsanani. Sannan liman ya ja aya, ita da kanta ta gane. Yaya kuwa tana da hawan jini, likita ya daɗe yana jan kunnenmu.

Liman ya ce, “Babban wanku yana kan hanya daga Sabon Zango. Kai je ka zauna da ita, ka yi mata shirmen nan naka har mu iso. Kada ka bari ta taɓa waya.”

Na biya gida na wanke fuska. Na gaya wa matata, 'yata mai shekara sha shida tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Na ce, “Kada wanda ya gaya wa Yaya.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Yaya tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi a unguwar Maamobi. Tana hango ni ta ɗaga ludayi.

“Kai kuma me ya fito da kai tsakar rana? Allura ta gudu ta bar ka?”

“Yunwa ce, Yaya. Cikina ya yi ƙara ɗazu, mutum biyu suka tashi alwala, sun ɗauka kiran salla ne.”

“Maƙaryaci! Zauna. Kuma yau ba kyauta.”

Wayarta tana kan tebur, 'yar ƙarama mai maɓalli, irin wadda yara ke kira doya. Na ɗauka na ce zan kai ta gidan tarihi a biya ni, na kashe ƙararta, na jefa a aljihu. Sai na shiga zuba. Na ba ta labarin ɓeran da ya tare ni a kwalbati ya tambaye ni katin zama ɗan ƙasa. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin gyale. Wayar kuwa tana ta rawa a cinyata, kira a kan kira.

Ina cikin haka ta ɗauko kwano, ta zuba, ta ɗora ƙwai da ganda, ta rufe ta ajiye gefe.

“Wannan na direba ne. Ya ce da la'asar zai shigo. Ka taɓa shi in karya maka hannu.”

Na ce mata ba zan taɓa ba.

Sai ga wata yarinya mai kitso, mai sayen abinci a wurinta kullum, riƙe da kwano a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ta tsaya turus.

“Ei, Hajiya! Kina nan kina sayarwa?”

“Da ina zan kasance, 'yar nan?”

Na yi tari, na ƙifta wa yarinyar ido, na miƙe zan shiga tsakani. Ta riga ta juya wa Yaya wayar.

Hoton ɗanta ne, cikin farin kaftanin da ni na ɗinka masa da Salla. Yaya ba ta karanta boko, amma ta yi allo, kuma da baƙin Larabci aka rubuta Inna lillahi a ƙasan hoton. Na ga leɓenta yana bin haruffan. Ta kai ƙarshe, ta dube ni. Ludayin ya fara faɗuwa, sannan ita.

Da dattawa suka iso da manyan rigunansu da matan da aka kira, benci suka tarar da tukunya a buɗe. Mu muna cikin tasi, kanta a kan cinyata.

'Yata ce ta fara sa hoton a waya. Da na dawo daga asibiti na same ta idanu a kumbure.

“Baba, wallahi ban gaya mata ba. Gwaggo ba ta da irin wayar nan. Abokaina kawai na sa wa, don su yi masa addu'a.”

“Abokan naki su nawa ne?”

Ta duba wayarta, ta kife ta.

“Mai kitson nan kin san ta?”

Ba ta taɓa ganinta ba. Ta ce ta goge hoton da ta ga kira ya yi yawa, amma kafin nan wasu sun kwafa, waɗansu sun kwafa daga wurinsu. Na ɗaga hannu, na sauke. Cewa na yi kada a gaya wa Yaya, kuma a wurin yarinyar, sa hoto a waya ba gaya wa kowa ba ne.

Yaya ta rayu. Ɓarin jikinta na hagu bai tashi ba. Tana gadon asibiti aka binne ɗanta, ba ta ga ko makararsa ba. Yanzu 'yata ce ke zuwa kullum bayan makaranta ta ba ta koko da cokali. In an yi rasuwa a dangi, yarinyar takan bi ƙannenta da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, “Uwarsa ta ji?” kafin kowa ya taɓa waya.

Ni ma ina zuwa ranar Juma'a. Na gwada labarin ɓera sau ɗaya. Yaya ta bar ni na kai tsakiya, sannan da harshenta mai nauyi ta ce, “Waye ya mutu?”